Yadda Mai ADHD Zai Gyara Maganarsa da Mutane, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu, kowa da yadda yake kawo ta. Wata ta ce mijinta yana kallonta tana magana, har da gyaɗa kai, bayan awa guda ya rantse ba ta faɗa masa ba. Wani ya ce shi ba ya iya barin mutum ya kai aya, sai ya tari numfashinsa, daga baya kunya ta ishe shi. Wata uwa kuma ta gaji da aiken ɗanta abu uku ya dawo da ɗaya. Dukkansu sun ji an ambaci ADHD, wato larurar nan ta ƙarancin tattara hankali da yawan ƙiriniya da gaggawar aikata abu kafin a yi tunani, kuma so suke a gaya musu abin da za su yi gobe da safe.

Ka riƙe abu guda tun daga farko: alƙawarin "daga yau zan riƙa kula" ba ya kai mutum ko'ina. Mai ADHD ya sha yin wannan alƙawari da zuciya ɗaya, ya kuma sha karya shi, domin matsalar tana ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe magana na ɗan lokaci da kuma taka wa baki burki. Masanin nan na Amurka, Russell Barkley, ya daɗe yana nanata cewa mai wannan larura ya san abin da ya kamata, aikata shi a daidai lokacinsa ne yake gagarar sa. Saboda haka matakan da ke ƙasa aiki ɗaya suke yi: su sauke nauyin daga ƙwaƙwalwa, su ɗora shi kan abin da ido zai gani ko kunne zai ji, kamar takarda da ƙararrawa da alamar da aka yi yarjejeniya a kanta.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu, biro, wayar da ke da ƙararrawa da kalanda, sai mutum ɗaya da ya yarda zai taya ka. Waɗannan kusan ba sa cin kuɗi. Inda kuɗi ke fita shi ne ganin ƙwararre, zaman shawara idan an buƙata, da magani, wanda ake saya wata-wata ba sau ɗaya ba. Kada ka fara da sayen manhajoji masu biyan kuɗi. Mai ADHD yana saurin ɗokin sabon abu, yana kuma saurin watsar da shi, kuma takarda ba ta da saƙon da zai shigo ya ɗauke maka hankali.

Mataki na 1: A tabbatar ADHD ɗin ce

Likitan ƙwaƙwalwa, ko likitan yara, ko masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙware a fannin, shi zai yanke wannan. Kundin DSM-5, littafin tantance larurorin ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya lissafa alamomi 18: tara na rashin tattara hankali, tara na ƙiriniya da gaggawa. Yaro sai ya nuna aƙalla 6 a ɓangare ɗaya, wanda ya kai shekara 17 kuma aƙalla 5. Sai alamomin sun ɗauki wata 6 ko fiye, sun fara kafin shekara 12, sun kuma bayyana a wuri biyu ko sama da haka, kamar gida da makaranta ko wurin aiki. Huɗu daga cikin 18 ɗin kai tsaye batun magana ne: mutum ya zama kamar ba ya sauraro, yawan surutu, amsa tambaya kafin a gama ta, da kutsawa cikin zancen mutane.

Ka tafi da wanda ya san ƙuruciyarka, ko takardun sakamakon makaranta idan suna nan. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ADHD, tarihinka shi ne babbar shaida.

Gargaɗi: raunin ji, ƙarancin barci, ciwon damuwa, fargaba da galahanga (autism) duk suna iya kama da wannan larura, wasu ma suna zuwa tare da ita. Yaron da ake cewa ba ya sauraro, a fara duba kunnensa. Tambayoyin gwaji da ake cikewa a intanet, har da na ASRS da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, manuniya ce kawai cewa ya kamata a ga likita. Sauran matakan kuwa, ban da shan magani, ba sa cutar da kowa, kana iya fara su tun kana jiran ranar ganin likita.

Mataki na 2: Zaɓi matsala ɗaya

Ka yi mako guda kana rubuta duk inda magana ta lalace, layi ɗaya ya isa: da wa, da ƙarfe nawa, me ya faru. A ƙarshen mako za ka ga abin yana maimaita kansa a ɗayan waɗannan: hankali ya tafi ana tsakar zance, tarar numfashi, kewaye-kewaye ba a kai ga manufa ba, manta abin da aka yi magana a kai, hawa dokin zuciya, ko barin saƙo ba amsa. Ɗauki wanda ya fi jawo maka asara. Wanda ya ce zai gyara duka shida lokaci guda, kafin mako biyu ya bar duka.

Mataki na 3: Zauna da abokin maganarka lokacin da rai ke kwance

Wannan aiki na mutum biyu ne. Zaɓi wanda abin ya fi shafa, mata ko miji, ɗan'uwa, ko shugabanka a wurin aiki, ka nemi minti 15. Ka faɗi matsalar da sunanta, ka yarda cewa tana ɓata masa rai, sannan ka roƙi abu takamaimai. Misali, miji ga matarsa: "Na san ranki yana ɓaci idan kika faɗa min abu na manta. Ba raina ki na yi ba. Idan maganar mai muhimmanci ce, ki kira sunana, ki jira na ajiye waya, ni kuma zan maimaita miki abin da na ji."

Gargaɗi: kada a yi wannan zama ana cikin faɗa, kuma kada ADHD ta zama garkuwa. Idan duk kuskure amsarsa ita ce "ai kin san larurata", ɗayan zai daina kawo kuka, ya koma yin shiru, kuma wannan shirun ya fi faɗan illa. A wurin aiki ba dole ba ne ka ambaci larurar. Ya isa ka ce: "Yallaɓai, na fi kama aiki idan a rubuce ya zo. Idan mun gama zan turo maka abin da na fahimta, ka duba min."

Mataki na 4: Gyara wuri da lokaci

A kashe talabijin. A kife waya, ko a kai ta wani ɗaki. Ka zauna inda bayanka zai ba ƙofa da taga, domin duk wanda ya gifta zai tafi da rabin hankalinka. Kada a kawo magana mai nauyi lokacin da mutum ke shirin fita, ko yana jin yunwa, ko ya nutsa cikin wani aiki. Mai ADHD yakan shagala da abin da yake so har ya daina jin komai, kuma "to" ɗin da ya faɗa a wannan hali ba amsa ba ce.

Ga wani abu da masu iyali kan yi wa mummunar fahimta. Da yawa daga masu wannan larura sun fi sauraro idan hannunsu na wasa da wani abu, ko suna zane a takarda, ko ana tafe ana zance. Idan aka tilasta musu zama cak suna kallon ido, duk ƙarfinsu zai tafi wajen zaman, maganar ta wuce. A auna sauraro da abin da mutum ya iya maimaitawa.

Mataki na 5: Maimaita, sannan rubuta

Idan mataki ɗaya kawai za ka iya, wannan ne. Yana da kashi uku, kuma jerin yana da muhimmanci.

Na farko, mai magana ya taƙaita. Abu ɗaya ko biyu a lokaci guda, muhimmin ya zo a gaba. "Gobe ƙarfe 10 za a kai yaro asibiti, kai za ka kai shi" ya fi dogon bayanin da ya faro daga yadda tari ya fara, ya biyo ta abin da malaminsa ya ce, sannan lokacin ya zo a ƙarshe bayan hankali ya riga ya tafi.

Na biyu, kai mai sauraro ka maimaita da bakinka: "Gobe, ƙarfe 10, asibiti, ni zan kai shi. Haka ne?" Wannan 'yar jimla tana kama kuskure tun bai yi nisa ba. Sau da yawa a nan za a gane cewa ka ji "gobe" amma ƙarfe 10 ɗin ya wuce ka.

Na uku, ka rubuta nan take, a gaban mutumin, ka sa ƙararrawa. Kada ka ce sai ka shiga ɗaki, domin tsakanin nan da ɗaki abu uku za su shigo maka. Ƙararrawar kuma ka sa ta lokacin da ya kamata ka fara shiri, ka ƙara wata ta lokacin fita. Mai ADHD ba ya jin wucewar lokaci kamar sauran mutane, minti 40 sai ya zame masa kamar 10.

Idan kuwa ka farga hankalinka ya tafi ana cikin zance, faɗi gaskiya da wuri: "Yi haƙuri, na ɓace daga inda ka ce an ɗage taron, maimaita min." Mutane sun fi yafe wannan a kan su gano daga baya cewa gyaɗa kan da kake yi na banza ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan guda biyu ne. Ɗaya, rubutu a wurare barkatai: yau bayan ambulan, gobe cikin waya, jibi a tafin hannu. Wuri ɗaya tak, kuma a duba shi safe da yamma. Na biyu daga ɓangaren abokin magana yake, wato mai da maimaitawar jarrabawa. "To faɗa min me na ce" da muryar tuhuma zai sa babban mutum ya ji an mai da shi yaro, ya ƙi tsarin gaba ɗaya. Shi mai larurar ne ya kamata ya fara maimaitawa don kansa.

Mataki na 6: Tarar numfashi

Sau da yawa abin da ke sa mai ADHD katse mutum tsoro ne, tsoron cewa idan bai faɗa yanzu ba tunanin zai gudu. Kuma gaskiyarsa ce, zai gudu. Don haka a ba tunanin wurin zama. Littafinka na hannu, da abu ya faɗo maka ka rubuta kalma ɗaya ko biyu da za su tuna maka, ka koma sauraro. Za ka yi mamakin yawan abubuwan da idan layinka ya zo, ka duba ka ga ba su ma cancanci faɗa ba.

Inda rubutu ba zai yiwu ba, ka danne babban yatsa da manuni a matsayin ajiya, ka rufe baki, ka ja numfashi sau biyu bayan mai magana ya yi shiru. Sau da yawa shirun nan hutu ne, bai gama ba.

Sannan ku shirya alama ta sirri da wanda ya yarda zai taimaka: taɓa agogo, ɗora hannu a tebur, ko ɗan tari. Idan bakinka ya riga ka, gyaran gajere ne: "Afuwan, na katse ki, ƙarasa." Kada ka tsaya dogon ban-haƙuri, shi ma katsewa ne.

Gargaɗi ga mai ba da alama: kada a yi ta yadda jama'a za su gane. Ranar da aka kunyata mutum da ita, ranar ta mutu.

Mataki na 7: Fara da kan magana

Mai ADHD yakan ɗauko labari, ya tuna wani, ya shiga na uku, har shi kansa ya manta inda ya dosa. Kafin ka buɗe baki a kan abu mai muhimmanci, tambayi kanka: me nake so mutumin nan ya yi ko ya sani? Faɗi wannan a jimlar farko. "Ina neman a ƙara min kwana biyu a kan rahoton nan." Dalili ya biyo baya, jimla biyu ko uku, sai ka tsaya ka ba shi fili. Kafin taro ko kiran waya, rubuta abu uku a takarda, kana gama ɗaya kana soke shi.

A hira ta nishaɗi kada ka matsa wa kanka da wannan. Tsalle-tsallen zancen nan ne sau da yawa ke sa a ji daɗin zama da kai. Abin lura kawai shi ne bayan ka ba da naka, ka jefa wa ɗayan tambaya, ka jira amsarta.

Mataki na 8: Idan zuciya ta taso

Wannan ɓangare yana iya raba aure da abota, ko da yake ba ya cikin alamomi 18 ɗin. Fushi kan zo wa mai ADHD da sauri da ƙarfi, ya sauka da sauri, sai a bar ɗayan da ciwon kalmar da aka faɗa. Magana zarar bunu ce. Wasu kuma 'yar gyara kaɗan sai su ji kamar an tsane su, musamman waɗanda suka taso ana ce musu malalata ko masu kunnen ƙashi.

Ku yi yarjejeniya tun ana lafiya cewa kowa na da ikon neman hutu. Ka koyi alamar jikinka: zafi a fuska, bugun zuciya, murya ta fara tashi. Da ka ji, ka ce: "Raina ya fara ɓaci, ba na so na faɗi abin da zan yi nadama. Ba ni minti 30, zan dawo." Fita ka taka, sha ruwa, kada ka zauna kana shirya martani, kada kuma ka tura saƙo.

Gargaɗi mai girma: sa ƙararrawar dawowa kafin ka fita. Kai za ka huce ka manta da zancen, ɗayan kuwa yana zaune yana ganin guduwa ka yi. Shi kuma abokin magana ya guji "kullum haka kake" da "ba ka taɓa ji". Ya faɗi abu ɗaya da ya faru da abin da yake so a yi. Idan fushin ya kai ga duka ko barazana, an wuce batun dabarun magana, a nemi taimakon ƙwararru da kariya nan da nan.

Mataki na 9: Saƙonnin waya da imel

Ka karanta saƙo, ka amsa a zuci, kwana huɗu sai ka tarar ba ka tura komai ba, kunya kuma ta ƙara maka wasu kwanaki. Ƙa'idar ita ce: abin da za a amsa cikin minti 2, a amsa yanzu. Wanda ya fi haka, tura "Na gani, zan amsa da yamma", ka sa ƙararrawa. Ware lokaci biyu a rana na duba saƙonni, ka kashe sanarwar sauran lokutan. Idan rubutu na yi maka nauyi, saƙon murya ya halatta, amma kada ya wuce minti ɗaya. Saƙon da ka rubuta cikin fushi kuwa ya kwana kafin a tura.

Mataki na 10: Idan yaro ne

Kada a ƙwala masa kira daga wani ɗaki. Je inda yake, durƙusa daidai tsayinsa, dafa kafaɗarsa, kira sunansa. Umarni ɗaya: "Ɗauko takalmanka." Ya maimaita, ya yi, sannan na biyu ya zo. Faɗi abin da kake so ya yi maimakon abin da kake hanawa: "Yi tafiya a hankali" ya fi "daina gudu" shiga. Ayyukan safe a zana su ko a rubuta a manna a bango.

Yabo ya zo nan take, kuma ya faɗi abin da aka yaba: "Na ji daɗi da ka jira Mama ta gama magana." Yaran nan suna shan faɗa fiye da sa'o'insu, kuma yaron da ya saba jin sunansa a bakin faɗa kawai zai daina juyowa idan an kira shi. A roƙi malami ya zaunar da shi gaba, nesa da taga, a kuma buɗe ɗan littafin da zai riƙa yawo tsakanin gida da makaranta. Ga yara 'yan shekara 4 zuwa 5, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a fara da horar da iyaye dabarun tarbiyya kafin a je ga magani. A kula da 'ya'ya mata: da yawansu ba sa ƙiriniya, shiru suke yi hankalinsu na wani wuri, shi ya sa ake makara wajen gano su.

Mataki na 11: Magani, da bitar tsarin

Magunguna irin su metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, suna ƙara aikin sinadaran dofamin da norefinefrin a ƙwaƙwalwa, kuma suna taimaka wa mutane da yawa su riƙe hankali su jinkirta baki. Atomoksetin, wato Strattera, yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa. Likita ne kaɗai zai rubuta, ya kuma riƙa duba hawan jini, bugun zuciya, barci da cin abinci. Kada ka sha na wani.

Lura da lokacin da maganin ke sakin ka. Metilfenidet na gajeren zango kan yi awa 3 zuwa 4, Concerta kuma kusan awa 12. Mutane da yawa suna ƙarar da amfanin maganin a wurin aiki, su dawo gida da dare lokacin da ya saki, sai iyali su samu ragowar. Idan haka ne, a mai da maganganu masu nauyi safiya ko ranar hutu, ko a gaya wa likita ya duba lokutan sha. Magani ba ya koya wa mutum maimaitawa ko rubutawa, sauƙaƙa su kawai yake yi. Zaman shawara irin na CBT, wato na gyara tunani da ɗabi'a, da na ma'aurata wurin wanda ya san ADHD, suna cike wannan giɓi.

Duk mako ku zauna minti 10 da abokin tafiyarka: me ya yi aiki, me ya sulale? Bayan wata ɗaya, idan matsalar farko ta ragu, ɗauko ta biyu daga jerin Mataki na 2. Ka kuma sa ran cewa dabarar da ta yi aiki za ta dushe, domin ƙwaƙwalwar mai ADHD tana daina jin abin da ta saba da shi. Idan ka ga kana kashe ƙararrawa ba tare da ka karanta abin da ke jikinta ba, canza sautinta, matsar da takardar bango zuwa wani wuri, ku sake sabuwar alama, ku ci gaba daga matakin da kuka tsaya.